Yadda ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa daga tashar Abbasiyya a Alƙahira

Duk ɗalibi ko majinyaci ko ɗan kasuwar da ya zo Alƙahira daga ƙasar Hausa, da wuya ya yi mako biyu ƙafarsa ba ta taka Abbasiyya ba. Nan ofishin da ake neman iƙama, wato izinin zama a ƙasar, yake tun 2019, lokacin da aka ɗauke shi daga ginin Mugamma da ke dandalin Tahrir. Nan Jami'ar Ain Shams take, nan babban Masallacin Nur yake, kuma a wannan ɓangaren ne Madinatul Bu'us take, masaukin ɗaliban Azhar da suka zo daga ƙasashen waje. Motocin haya na Madinat Nasr, inda 'yan uwanmu da yawa suke zaune, su ma nan suke sauke mutane. Abin da yake damuna shi ne yadda nake ganin baƙo ya tsaya a bakin matakalar tashar jirgin, ya leƙa ƙasa, ya ja da baya, ya je ya tare tasi ya biya ninkin ba ninkin kuɗin da jirgi zai kai shi, sannan ya shafe awa guda a cunkoso. Tsoron rami ne da tsoron ɓata. Dukansu biyu suna gushewa ranar da mutum ya yi tafiyar farko da kansa, shi ya sa zan bi da kai mataki mataki, ƙanena, tun daga bakin titi har ka sake fitowa sarari.

Ka san layinka tun kana sama

Misirawa suna kiran jirgin da sunan metro, tashar kuma mahatta. Layuka uku ne suke aiki a birnin. Na farko an buɗe shi a 1987, shi ne irinsa na farko a Afirka, yana tashi daga Hilwan a kudu zuwa Margu Sabuwa a arewa. Na biyu daga Shubra Alkhaima zuwa Munib, yana ratsa ƙarƙashin Kogin Nilu. Na uku shi ne naka, mai launin kore a taswira. An buɗe kashinsa na farko a watan Fabrairun 2012, daga Ataba zuwa Abbasiyya, tashoshi biyar kacal. Daga baya aka yi ta ƙara masa tsawo, har a yau ya kai Adli Mansur ta gabas, ta yamma kuma ya haye Nilu ya rabu gida biyu a tashar Kit Kat: reshe ɗaya ya nufi Rod Alfarag, ɗayan ya nufi Jami'ar Alƙahira.

Kada ka haddace wannan duka. Abu biyu kawai za ka riƙe kafin ka sauka: sunan tashar da za ka fita, da sunan tashar ƙarshe ta ɓangaren da ka nufa. Na biyun shi ne ittigah, wato alƙiblar jirgi, kuma shi ne ƙashin bayan tafiyar gaba ɗaya. A ƙarƙashin ƙasa babu gabas babu yamma, babu rana balle inuwa. Allunan ba za su ce maka "cikin gari" ba, sunan ƙarshen layi za su rubuta. In ka san shi, ka gama rabin aiki. Daga Abbasiyya, in za ka cikin gari, wato Azhar ko Ataba ko Ramsis ko Tahrir, ɓangaren da aka rubuta Rod Alfarag ko Jami'ar Alƙahira za ka bi. In za ka Misra Algadida ko Alf Maskan, sai ɓangaren Adli Mansur.

Wani abin da zai taimake ka: Bamisire yana furta harafin jimun kamar "g". Abin da ka karanta a makaranta da khuruj, wato fita, a nan khurug za ka ji. Jami'a ta zama gam'a, Jaish ya zama Geish. In ka tambaya da Larabcin littafi za a gane ka, amma amsar da harshen gari za ta zo, don haka ka buɗe kunne.

Shiga da bincike

Alamar tashar jan harafin M ne a kan allo, a bakin matakalar da ta gangara ƙasa. Ƙofofin shiga sun fi ɗaya, kuma kowacce tana kai ka falo guda. Da ka sauka za ka tarar da na'urar binciken kaya da jami'an tsaro. Ɗora jakarka a kan bel ɗin, ka wuce ta ƙofar bincike, ka ɗauki kayanka a ɗaya gefen. Ba a tsayawa dogon bayani. Ka riƙa yawo da fasfonka ko kwafinsa mai ɗauke da shafin iƙama, da katin makaranta in kana da shi. Wayarka kuma ta zauna a aljihu a wannan wurin; ɗaukar hoton jami'an tsaro ko na'urorinsu jawo wa kai tambayoyi ne da ba ka buƙata.

Sayen tikiti

Nan ne baƙo ya fi rikicewa, alhali abin ba wuya. Kuɗin tikiti, ko tazkara, ya danganta da yawan tashoshin da za ka wuce, ba da yawan layukan da za ka canza ba. A watan Agustan 2024 an tsayar da shi kamar haka: fam 8 zuwa tasha 9, fam 10 zuwa tasha 16, fam 15 zuwa tasha 23, fam 20 ga abin da ya haura haka. Farashin yana canzawa lokaci zuwa lokaci, saboda haka ka ɗaga kai ka duba allon da ke jikin tagar sayarwa kafin ka miƙa kuɗi.

Ba sai ka ƙirga tashoshi da kanka ba. Ka faɗi sunan inda za ka da adadin tikitin da kake so, mai sayarwa ya san sauran. "Ataba, wahda." "Shuhada, itnen." Ya isa. Layi yana tafiya da sauri, na bayanka ba zai jira ka yi gaisuwa irin ta gida ba, kuma wannan ba rashin mutunci ba ne, yanayin wurin ne. Sallama ɗaya, sunan tasha, kuɗi. Ka tanadi canji, wanda suke kira fakka. In ka miƙa takardar fam 200 a kan tikiti ɗaya da sassafe, za ka iya tsayawa gefe kana jira a haɗa maka.

Ka lura da lambobin. A kan kuɗi da wasu alluna lambobin Larabci ake amfani da su, kuma biyar ɗinsu zagaye ne mai kama da sifirinmu, sifirinsu kuma ɗigo ne kawai. Wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya ba zai sha wahala ba, amma na ga wanda ya ɗauki takardar hamsin a matsayin wani abu dabam saboda wannan.

Shawarata, in ka san za ka dawo ta hanya ɗaya a ranar, ka sayi biyu tun yanzu, ka raba musu aljihu don kada ka cakuɗa wanda ka yi amfani da shi da sabon. In kuma zamanka zai yi tsawo, akwai katin da ake zuba wa kuɗi a riƙa taɓawa a ƙofa, akwai kuma ishtirak, rajistar wata ko ta wata uku. Ta ɗalibai tana da rangwame mai yawa, ana cika takarda a kai makaranta ta buga hatimi, a haɗa da hoto a mayar ofishin rajista na tasha. Ɗalibin da yake hawa kullum bai kamata ya yi sakaci da wannan ba, don kuɗin da zai rage ya isa ya saya masa littattafai.

Ƙofar na'ura

Tikitin ɗan ƙaramin kati ne mai baƙin zare a bayansa. Ka zura shi a bakin na'urar da ke hannun damanka, zai fito ta sama, ka zare shi, ka wuce. A nan nake so ka tsaya ka ji ni da kyau: ka zare shi, ka adana shi. Ba a gama da shi ba. Da shi za ka fita a ɗaya tashar, inda na'urar za ta haɗiye shi. Wanda ya jefar da nasa ko ya bar shi a na'ura, a wurin fita zai gamu da tara, wadda suke kira garama, kuma ta ninka kuɗin tikitin sau da yawa. Na taɓa tsayawa tare da wani dattijo ɗan ƙasarmu da ya zo jinyar ido, ya yar da nasa a kan dandamali don ya zaci aikinsa ya ƙare. Ba ya jin Larabci, ya tsaya yana juya hannu, mutane suna wucewa ta gefensa. Abin ya tsaya mini a rai, domin kalma ɗaya da wani zai faɗa masa tun a sama da ta raba shi da wannan kunyar.

Kada ka lanƙwasa tikitin, kada ka jiƙa shi da gumi a tafin hannu. In na'ura ta ƙi karɓa, kada ka tsallake, kada ka manne wa na gabanka ku wuce tare. Akwai ma'aikaci a gefe, ka nuna masa. Haka kuma tikitin na tafiya ne, ba na zama ba. Yana da wa'adi, don haka tasha ba wurin jiran aboki na awanni ba ce. In alƙawari kuka yi, ku haɗu a sama.

Dandamali

Bayan ƙofar akwai matakala ta ƙafa, da mai tafiya da kanta, da lif domin tsofaffi da marasa lafiya. Kafin ka taka kowacce, ɗaga kai ka karanta ittigah. In ka sauka a ɓangaren da ba naka ba, ba wani abin tashin hankali, ka hau ka sauka ta ɗayan. Ko da jirgin ya riga ya tafi da kai, ka sauka a tasha ta gaba ka juya, muddin ba ka fita ta ƙofar na'ura ba tikitinka yana nan da ransa.

Ka tsaya bayan layin da aka ja a bakin dandamali. Jirage suna zuwa a kai a kai, 'yan mintuna ne tsakani, saboda haka babu dalilin gudu ko cusa hannu a ƙofar da take rufewa. In ka ji ƙarar gargaɗi, ka haƙura da wannan. In jirgin ya tsaya, ka matsa gefe masu sauka su fito tukuna.

Yanzu gare ki, ƙanwata, da ke Hajiya. A tsakiyar kowane jirgi akwai tarago biyu na mata, kuma a saman dandamali an rataye allo mai rubutun sayyidat daidai inda za su tsaya. Ɗaya na mata ne zalla har a tashi aiki, ɗayan kuma na mata ne zuwa ƙarfe tara na dare. Ba dole ba ne ki shiga su, mace tana da ikon hawa kowane tarago, amma a lokacin cunkoso ni dai su nake zaɓa wa iyalina. Akwai sarari, akwai natsuwa, kuma in kina da goyo ko kaya za a taimaka miki. Yara ƙanana maza suna shiga da iyayensu mata. In kina tare da maigida ko ɗan'uwa kuma ba ki san gari ba, gara ku shiga taragon gama-gari tare, ya tsaya kusa da ke, da ku rabu ɗaya ya sauka ya bar ɗaya. In dole sai kun rabu, ku ƙirga tashoshin tare tun kafin jirgi ya iso, ku yi alƙawarin wanda ya riga sauka zai tsaya a dandamali ba zai hau sama ba.

Kai kuma namiji, ka duba allon nan kafin ka zaɓi wurin tsayuwa. Shiga taragon mata laifi ne da ake cin tara a kansa, kuma tun kafin ma'aikaci ya zo matan da ke ciki za su sanar da kai. In kuskure ya sa ka faɗa ciki, ka ba da haƙuri, ka tsaya a bakin ƙofa, ka canza a tasha ta gaba.

A cikin jirgi

Jiragen layi na uku suna da na'urar sanyaya iska, kuma a saman kowace ƙofa akwai taswirar layin. Ana sanar da sunan tasha mai zuwa. Duk da haka ka riƙa ƙirgawa da kanka, don hayaniya tana iya danne sanarwar. Daga Abbasiyya zuwa cikin gari jerin shi ne Abduh Basha, Geish, Babus Sha'ariyya, Ataba, Nasir, Masfiro, Safa Higazi, Kit Kat. Duk jirgin da ya zo a wannan ɓangaren zai kai ka waɗannan takwas ɗin. Sai in za ka wuce Kit Kat ne za ka damu da wane reshe jirgin ya nufa, kuma an rubuta a goshinsa da allon dandamali.

Jakar baya ka dawo da ita gaba. Waya da walat su bar aljihun baya. Ba don mutanen wurin miyagu ne ba, cunkoso ko'ina sunansa cunkoso. In ka sami wurin zama sannan tsoho ko mai ciki ko mai ɗauke da yaro ya shigo, ka tashi. Misirawa suna yin haka ba tare da an roƙe su ba, kuma tarbiyya ce da muka taso da ita. Ba a shan taba, ba a zubar da shara.

Kalma ɗaya za ka ji ana ta maimaitawa kusa da ƙofa: "Nazil?" Ma'anarta, za ka sauka? Wanda ke bayanka ne yake son ya san ko zai bi ka ne ko zai wuce ka. In za ka sauka ka ce "aiwa", in ba haka ba ka ce "la" ka ba shi hanya. Kai ma haka za ka yi. Tasha ɗaya kafin taka, ka fara matsawa kana cewa "lau samaht, nazil", wato don Allah, zan sauka. Wanda ya jira sai ƙofa ta buɗe sannan ya yunƙura daga tsakiyar tarago, a Ataba da yamma, masu shigowa za su mayar da shi ciki.

Inda za ka sauka

In Masallacin Azhar ka nufa, ko Masallacin Husaini, ko kasuwar Khan Alkhalili, ko shagunan littattafan da ke bayan Azhar, tasharka Babus Sha'ariyya ce, ta uku daga Abbasiyya. Jirgi ba ya kai wa ƙofar masallacin, akwai tafiyar ƙafa ta kamar minti ashirin. Ka tambayi titin Amirul Guyush, inda masu ƙera tukwane da kayan ƙarfe suke, ka bi shi har ya haɗa ka da titin Mu'izz, ka juya dama. Za ka wuce tsoffin masallatai da makarantun zamanin Fatimiyyawa da Mamluka har ka fito titin Azhar. Wannan hanyar na fi so a kan kowacce, kuma ina ganin duk ɗalibin da ya zo ya kamata ya bi ta da ƙafa ko sau ɗaya. Mai ciwon ƙafa ko dattijo kuwa, ya sauka a Ataba ya hau mota zuwa Husaini.

In tashar jiragen ƙasa ta Ramsis za ka, domin tafiya Iskandariyya ko Aswan, ka sauka a Ataba, kada ka fita, ka bi allon layi na biyu ɓangaren Shubra Alkhaima, tasha ɗaya ce, sunanta Shuhada. Tsofaffin mazauna za ka ji wani lokaci suna ce mata Ramsis kawai. Tahrir kuwa sunan tasharta Sadat: daga Ataba layi na biyu ɓangaren Munib, tasha biyu, ko ka wuce zuwa Nasir ka koma layi na farko ɓangaren Hilwan, tasha ɗaya. Zamalek, inda ofisoshin jakadanci da dama suke har da na Nijeriya, Safa Higazi ce tasharta. Canjin layi ba ya buƙatar sabon tikiti. Hanyar canjin a Ataba tana da ɗan tsawo da hawa da sauka, ka bi allo, kada ka bi taron mutane, don taron ya kasu gida huɗu.

Gargaɗi ɗaya da ya shafi masu komawa gida: jirgin nan ba ya shiga filin jirgin sama. Yana kai ka kusa ta ɓangaren Misra Algadida, amma sai ka ƙara da mota. Mai manyan akwatuna ya nemi mota tun daga gida, ya huta da jan kaya a matakala.

Fita, da komowa

Ka bi allon khurug, ka zura tikitinka, na'ura ta riƙe shi, ka wuce. Kafin ka hau sama, ka tsaya ka karanta allunan ƙofofin fita, kowacce an rubuta titin da take ɓullewa. Wannan yana da muhimmanci a Abbasiyya fiye da wurare da yawa, domin dandalin faɗi gare shi, ga gadoji a sama, ga motoci ta kowace kusurwa, kuma tsallaka titi a nan ba wasa ba ne ga wanda bai saba ba. In ka ɓullo ta ƙofar da ba ita ba, sau da yawa gara ka koma ƙasa ka ratsa ta falon tashar. Hasumiyoyin Masallacin Nur su ne alamarka. Da ka fito ka neme su da ido, ka san inda ka dosa.

Mai zuwa neman iƙama ya fito da wuri, da takardunsa da kwafinsu a cikin jaka ɗaya da zai riƙe a ƙirji. Jirgi yana fara aiki wajen ƙarfe biyar na asuba, yana tashi wajen ɗaya na dare, a watan Ramadan kuma akan ƙara lokaci saboda masu Tarawihi da masu sahur a waje. Cunkoso ya fi tsanani daga bakwai zuwa goma na safe, sai kuma daga biyu na rana zuwa bayan La'asar, lokacin tashin ma'aikata da 'yan makaranta, haka ma dab da buɗa-baki a watan azumi. Safiyar Juma'a tashar kusan fayau take. Ita ce ranar da nake ba sabon zuwa shawarar ya yi gwajin farko: ya sayi tikiti biyu, ya je Babus Sha'ariyya, ya yi sallar Juma'a a Azhar, ya dawo ta hanyar da ya bi. A dawowar ittigah ɗinsa Adli Mansur ne, zai wuce Geish da Abduh Basha, ta uku ita ce Abbasiyya.